Gadon Kabo a Shogilas

Duk zuri'ar da ta bar magogin katakon kakanta ya ci gaba da goge katako, wannan zuri'a ba ta waye ba, kuma tarihi ba zai yafe mata ba. Malam Maikuɗi ne ya gano wannan gaskiya, shi da ya yi digiri a fannin tarihi yake kuma riƙe da kujera a wani ofis a nan Gaya. Ya bayyana ta ne ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinsu Baffa a Toranke. Babu wanda ya musa masa, don hankalin kowa na kan gonaki.

Magogan uku ne, irin waɗanda kafintoci ke kira filen: guntun katako mai santsi da wuƙar ƙarfe a soke a tsakiyarsa, ana tura shi a kan falanki yana fitar da ɓawo a nannaɗe. Akwai dogo, akwai matsakaici, akwai ɗan ƙarami da tafin hannu ke rufewa. Kakansu Kabo ne ya zo da su daga Kano zamanin Turawa, bayan ya gama yi musu ƙofofi da tagogi. Da su Kabo ya ci abinci, da su Baffa ya ci, har gurbin babban yatsansu ya lotsa a jikin katakon. Usaini, ƙanin Maikuɗi, wanda ke noma da damina yana taɓa kafinta da rani, ya roƙi a bar masa ko da ƙaramin ne.

"Ka yi me da shi?" in ji Maikuɗi.

"In yi aiki mana, Yaya. Ƙofar ɗakin tsohuwarmu Dada ma ta kumbura, ba ta rufuwa."

"Kun ji ko! Abin da ya ga zamanin En'e, shi za ka goga wa ƙofar da kaji ke yi wa kashi. Wannan ba kayan aiki ba ne, Usaini, kayan tarihi ne. A ƙasashen da suka ci gaba sai ka yanki tikiti kafin a bar ka ka kalle shi."

Usaini ya haƙura, don ƙani ba ya ja da wansa ƙasar kabarin uba ba ta bushe ba. Aka naɗe magogan a darduma aka ɗora su a kujerar gaba. Barira, matar Maikuɗi, ta koma kujerar baya.

A Gaya aka fuskanci matsalar masauki. Kayan tarihi ba sa kwana a ƙarƙashin gado, ba a kuma rataye su a ƙusa kamar matankaɗi. Malam Maikuɗi ya zaga gidan hannu a baya, ya zo ya tsaya a falo gaban shogilas ɗin da iyayen Barira suka kawo ta da shi. Samansa gilashi ne, tangaran da kofuna a jere. Ƙasansa ƙofofi biyu ne na katako, kuma a bayansu Barira ke ajiye kayan ɗakin 'yarta Fauziyya: labulaye, zannuwan gado, turamen atamfa. Shekara da shekaru take tara su. Gyaɗa take sarowa daga kasuwar Ajingi, ta soya, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. Duk sanda riba ta ɗan yi kauri sai ta zama zani ta shige ƙasan shogilas. Babu labulen da ba za ta iya nuna maka ƙunar da ta saye shi a hannunta ba.

"Ki kwashe waɗannan kwanukan," ya ce.

"In kai su ina, Malam?"

"Inda kwanuka ke zama. Nan ya yi musu girma."

Ta kwashe. Tunda abin bai taɓa ƙasan shogilas ba, ta ga babu abin ɓata baki. Magogan suka hau bene suka zauna a kan jan ƙyalle, dogo a sama, sauran biyu a ƙarƙashinsa, bisa tsarin girma. Daga ranar duk baƙon da ya yi sallama sai an tsayar da shi a gaban gilashi an karanta masa tarihin Kabo tun daga yaye. Baƙi kan ce masha Allah, su ɗan saci kallon ƙofar da abinci ke fitowa.

Sai kuma batun kulawa. Malam Maikuɗi ya tuna, tun yana yaro, Baffa na da tsumma a gwangwanin madara, jiƙe da man gyaɗa, yana shafa wa cikin magogi kafin ya fara aiki. Gaskiya ne, an yi haka. Sai dai Baffa ɗigo yake shafawa don abin ya yi sulɓi, kuma kafin hantsi falanki ya lashe abinsa. Shi kuwa Maikuɗi shafawar kawai yake gani ya ɗauki jakarsa ya tafi makaranta, turin bai taɓa tsayawa ya gani ba. Saboda haka ya kafa doka. Kowace Juma'a kafin masallaci za a yi wa magogan wanka da man gyaɗa, kuma na farkon matsa, ba wanda aka soya ƙuli a ciki ba.

"Malam, wannan man fa na sayarwa ne."

"Kabo da Baffa ne za su sha. Ƙyashi kike yi musu?"

Ba ta ƙyashin matattu, sai ta miƙa kwalba. Da hannunsa yake shafawa, don wai magabata sun ce hannun mace na kashe kaifin ƙarfe. Wane kaifi ake tattali ga wuƙar da aka yi wa ritaya, wannan ba a tambaya ba.

Ana nan aka sa ranar auren Fauziyya, bayan Babbar Sallah, in mahaifinta ya dawo daga aikin Hajji, don a shekarar kujera ta faɗo masa. Ana jibi zai tafi, Barira ta je suna gidan ƙanwarta a Gafasa. Shi kuwa tunanin ɓarayi ya hana shi sukuni, irin ɓarayin da za su tsallake talabijin da janareta su ɗauki filen. Ya kira mai walda. Aka ɗaure shogilas da bango, aka gitta masa sandar ƙarfe tun daga sama har ƙasa, ta danne gilashi ta danne ƙofofin katako, aka maƙala kwaɗo irin na shagon hatsi. Da yake kuma Juma'o'i da yawa za su wuce ba ya nan, ya ga adalci shi ne ya biya su gaba ɗaya. Ya tsoma magogan a roba cike da mai, suka sha har suka ƙoshi, ya mayar da su suna naso, ya kulle, ya zura mukullin a igiyar jakar fasfo ya rataya a wuya.

Barira ta dawo ta tarar da falo cike da maza 'yan sallama, ba ta shiga ba sai da mota ta tashi da shi. Ta kira shi yana sansanin alhazai a Kano.

"Malam, ka kulle har da kayan yarinyar nan."

"Gudu za su yi? Ai gata na yi musu. Yanzu suna da tsaro irin na kayan tarihi."

Ta duba ta ga biki sai ya dawo, ta bar maganar.

Bayan tafiyarsa da ɗan lokaci, wata rana bayan azahar gida ya yi tsit, ta ji wani ƙurus-ƙurus daga falo. Ta leƙa. Ɓera ne zaune a kan dogon magogin, ya rungumi mariƙinsa da hannu biyu yana ci, cikin natsuwar wanda aka gayyata. Ya ɗago ya dube ta ta cikin gilashi, ya ga babu abin da za ta iya, ya ci gaba. Ta buga gilashin da tafin hannu. Ya ɗan matsa gefe don ladabi.

Daga silin ɓerayen suke saukowa, ta wani ɗan tsukin da ya rage tsakanin bango da bayan shogilas, inda yatsa biyu ba sa shiga. Sun huda falankin baya sun yi ƙofa. Ta aro mage a maƙwabta. Magen ta zauna a gaban gilashi tun safe har la'asar tana kallo, wutsiya na kaɗawa, ta zama baƙuwa ta farko da ta taɓa tsayawa a wurin da sha'awa ta gaskiya. Da ta gaji ta shiga kicin ta ci kifin miya. Barira ta kwaɓa maganin ɓera da tuwo ta ajiye a kan shogilas da gefensa. Babu wanda ya kula. Wanda ya samu katakon Turai da ya sha man farkon matsa, me zai yi da tuwon jiya?

Har nan dai abin na su Kabo ne, kuma Barira, Allah ya sani, ba ta rasa barci a kansa ba. Amma ran nan tana sharar falo sai ta hango wani abu a bakin matsakaicin magogin, inda ɓawon katako ke fitowa a da. Zare ne, shuɗi mai ratsin ruwan zinare. Ta san shi. Labulen da ta saya ne shekarar da gyaɗa ta yi tsada, wanda ta yi niyyar a rataya a ƙofar ɗakin amarya. Ta durƙusa ta kara kunne a ƙofar ƙasa. Can ma ana aiki, sai dai sautin ya fi taushi.

Ta kira Makka.

"Malam, ɓeraye sun shiga shogilas. Suna cin magogan, sun kuma sauka kan kayan Fauziyya. Ka ba ni izini a ɓalle kwaɗon."

"Barira, ina ƙasa mai tsarki kina kawo min maganar ɓera? Mutane na kiran mazajensu a yi musu addu'a."

"To ka haɗa da addu'ar, amma a ɓalle."

"Wurin da na sa aka yi wa walda? Ko iska sai ta nemi izini. Mata dai! Kin ga ƙadangare ya gifta kin ce ɓera."

Ya kashe, don an kira salla.

Fauziyya, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Umma, ni fa in kin yarda taɓarya za ta kuɓuce min ta faɗa kan gilashin nan. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa."

"Gilashin nawa ne, in kin manta. Kuma ko kin fasa shi, ta ina za ki kai ƙasa? Kira min Baba Usaini."

Washegari Usaini ya iso daga Toranke a kan babur, da zarton ƙarfe ɗaure a baya. Tsakaninsa da Barira akwai wasan ƙanin miji, tun daga zaure ya fara.

"Matarmu, an ce kin yi manyan baƙi ba ki gayyace ni walima ba."

"Baƙin yayanka ne. Ni ɗaki kawai na ba su, da labule."

Ya shiga falo ya tsaya. Ɓeraye uku ne a lokacin, ɗaya a kan kowane magogi, kamar an raba musu gado. Ƙaramin da ya roƙa aka hana shi, an cinye masa kusurwa guda har wuƙar ta karkace. Ya daɗe yana kallo.

"To alhamdu lillahi," ya ce. "An dai samu masu amfani da su."

"Yanke min ƙarfen nan, Usaini."

"Yanzu kuwa. Bari dai in gaya masa, kada ya ji a bakin duniya."

Nan ya yi kuskure, Barira ta sani tun kafin wayar ta shiga. Kiran bidiyo ya yi, don Yaya ya gani da idonsa. Fuskar Maikuɗi ta cika waya, da sabuwar hula, igiyar jakar fasfo a wuya. Usaini ya gaishe shi, ya tambayi ibada, ya juya wayar ga shogilas. Ɓerayen, waɗanda suka yi makonni suna cin abinci a gaban jama'a ba kunya, jin muryar mai gida sai suka shige. Ga kuma hasken taga ya faɗo kan gilashin, babu abin da ke fita sai inuwar Usaini riƙe da waya.

"Ina ɓeran?" in ji Maikuɗi.

"Yanzu suke nan, Yaya, wallahi."

"Na ce ina ɓeran? Usaini, kana tsammani ban sani ba? Tun ranar rabon gado idonka ke kan ƙaramin nan. Ka bari na bar ƙasar, ka haɗa baki da mace kun ƙirƙiro ɓera. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Dalilin kwaɗon ke nan."

"Yaya, kayan yarinya ne ke..."

"In ka taɓa kwaɗon nan, ni da kai sai a lahira. Ke kuma Barira, na san kina ji. Daga nan inda nake tsaye nake gaya miki, in aka buɗe ban yafe ba."

Wayar ta mutu. Ɓera guda ya leƙo, ya ga an gama, ya koma bakin aiki.

Usaini ya juya zarton a hannunsa. "Da a Gaya ya faɗa, da na yanke mu shirya daga baya. Amma kin ji daga inda ya faɗa."

"Na ji."

Ba ta roƙe shi ba. Ita ma kalmar ta danne ta, ta fi sandar ƙarfen nauyi. Ta kawo masa fura ya sha, ya ɗaure zartonsa ya tafi.

Sauran kwanakin, Barira ta daina shiga falo sai dole. Ta koma suyarta a tsakar gida, tana juya gyaɗa da ƙarfi yadda ƙarar yashi a kasko za ta rufe mata kunne. Aka yi Sallah, aka ci nama. Dangin ango suka aiko tambayar ranar da za a je jere, ta ce sai Alhaji ya sauka. Wari ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofofin, ta riƙa kunna turaren wuta.

Alhaji Maikuɗi ya sauka da haƙorin Makka guda a gaba, wanda ya sa murmushinsa ya ƙaru. Falo ya cika da 'yan barka da sauka. Bayan an sha zamzam an ci dabino, ya miƙe ya ciro mukullin daga wuya, ya sanar da jama'a cewa wannan mukulli ya je duk inda ya je. Aka ce masha Allah. Barira na tsaye a bayan labulen ƙofa. Ya buɗe kwaɗo, ya zare sanda, ya ja gilashi.

Warin ne ya fara gaisawa da mutane. Dogon magogin babu mariƙi. Matsakaicin ya zama kamar rogon da akuya ta fara ta bari. Ƙaramin kuwa wuƙarsa ce kawai kwance a cikin garin katako da baƙin kashi, gurbin yatsan Kabo da na Baffa duk sun tafi cikin ɓeraye. Wani tsoho ya ce inna lillahi. Wani ya tuna ya bar babur a rana.

Alhaji ya zuba wa garin katakon ido, har Barira ta fara jin tausayinsa. Bai bar ta ta wahala da tausayin ba. Ya ɗauki wuƙar ƙaramin ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku duba ikon Allah. Ƙarfen ko gezau. Ai dama ƙarfen shi ne tarihin, katako riga ce kawai. Duk wani abin tarihi na gaske a duniya, za ku tarar da shi a gutsure. Da haka masana ke gane na asali."

Aka ce haka ne, aka fara neman takalma.

Da falo ya watse ya kira ta.

"Kin ga abin da sana'arki ta jawo? Gidan da ake suyar gyaɗa dare da rana ai dole ɓera ya mai da shi garinsu. Na yi haƙuri shekaru, ga sakamakon."

"Alhaji, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari."

"Ban gane ba, kuma ba na son in gane. Daga yau an daina suya a gidan nan. Su kuma waɗannan na taho musu da man zaitun, wanda ya dace da darajarsu. Ki kwashe tarkacenki na ƙasa, ina son wurin."

Ya fita zaure, inda wasu baƙin suka yi sallama.

Ta durƙusa ta buɗe ƙofofin. Daga gaba ninkin yana nan yadda ta bar shi, har ta fara sa rai. Ta jawo turmin farko ta warware. Ɓera ba ya cin zani daga gefe ya bar maka saura, ta kan ninki yake bi, huda ɗaya ta zama goma in an buɗe. Ta ɗaga shi, hasken taga ya shigo ta ko'ina. Na biyu haka, na uku haka. Zannuwan gadon fitsari ya rine su. A tsakiyar shuɗin labulen ta tarar da jariran ɓera, jajaye, ido a rufe, kwance cikin ruwan zinare kamar 'ya'yan sarauta. Ta naɗe su da labulen gaba ɗaya ta kai bayan gida.

Fauziyya ta zo ta tsaya a kanta, ta buɗe baki, Barira ta ɗaga mata hannu.

"Kada in ji. Kuma kada dangin mijinki su ji. Je ki ce Hussaina dillaliya ta zo, ta shigo ta ƙofar baya."

Hussaina ta zo da la'asar da ƙunshinta a ka. Suka shige ɗaki aka saki labule. Daga zaure muryar Alhaji na tashi, ya kai inda Kabo ya fara shiga Kano a ƙafa. Barira ta kai hannu kunnenta ta kwance 'yan kunnen zinaren da mahaifiyarta ta bar mata, ta kwance ɗayan, ta sa su a tafin Hussaina ta rufe mata yatsu.

"Labule da zanin gado nake so, da atamfa ko da huɗu ce. Kafin ranar jere."

Hussaina ta auna su a hannu, ta dubi kunnuwan, ta dubi fuskar. "Lafiya dai, Barira? Ke da kika fi kowa shiri a unguwar nan?"

"Hidimar biki ce. Ba ta ƙarewa."

Da dillaliya ta fita, ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaurawa, ta jawo shi ƙasa ya rufe kunnuwa. Sannan ta je ta ɗora ruwan shayi, don baƙin zaure sun ƙaru.